Farin Alli a Tayar Baya

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

An ƙwace motar Tony jiya. Da rana tsaka, a ƙofar gidansa, layi biyu daga namu nan Kamazou. Sun dawo daga coci, ya fito zai buɗe get, sai ga mutum biyu a kan babur. Ɗaya ya ɗora masa bindiga a wuya, ɗayan ya fizgo matarsa daga kujerar gaba. Takalminta ƙafa ɗaya ya tafi da motar. Ya ce ko minti biyu ba a yi ba.

Ni da matata Eunice mun je da yamma. Tony ƙaninta ne, ita ta goye shi. Yana zaune a kan dakali da makullin get a hannu, sai juya shi yake yi. 'Yan sanda sun zo sun rubuta, sun tafi.

Da muka dawo na daɗe tsaye ina kallon tawa. Shekara ashirin da biyu ina aikin sito a kamfani a Kudenda kafin na mallaki wannan Corolla. In ta tafi, ba wata. Na san wannan sarai.

Laraba, 8 ga Mayu

Na sayi ƙarfen kulle sitiyari. Na kuma sa mai gyaran wayarin mota ya ɓoye min wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin kujera, in ba a danna shi ba mota ba za ta tashi ba. Ko Eunice ban nuna wa ba. Ta ce to ranar da na faɗi ciwo wa zai kai ni asibiti.

Asabar, 11 ga Mayu

Taron masu gidaje na unguwarmu. An yanke a buɗe guruf na WhatsApp don tsaro, duk wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba ya sanar. Suka ce ni zan riƙe shi, wai ni mutum ne mai natsuwa, ba na gaggawa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Kafin mu watse mutum sittin da wani abu sun shiga.

Talata, 14 ga Mayu

Waya ba ta hutawa. Wai in aka jefe ka da ƙwai a gilas kada ka kunna waifa, gilashin zai yi fari ka tsaya su kama ka. Wai suna manna takarda a gilashin baya, kana fita cirewa su shige motar. Wai suna cusa gorar roba a taya. Wai akwai turaren da ake ba ka ka sunsuna a wurin ajiye motoci, kana shaƙa ka sume. Duk na tura, har guruf ɗin zumuntar maza na coci da na ofis.

Eunice ta ce da tsadar ƙwai yanzu, ɓarawon da zai jefar da shi bai san ciwon kansa ba. Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce mata ƙaninta ma da dariya yake yi.

Ban kyauta ba da na faɗi haka.

Alhamis, 16 ga Mayu

Ba labarin motar Tony.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ban san abin da fasto ya yi wa'azi a kai ba. Sau biyu na fita duba mota. Yanzu in babur ya biyo ni fiye da kwana biyu na hanya sai na wuce layinmu na zagayo. Ba na barin Eunice ta sauke gilas ko da zafi zai kashe mu.

Sabon saƙo ya shigo da yamma. Wai suna da masu leƙen asiri da ke yawo a ƙafa, in suka ga motar da suke so sai su yi mata zane da farin alli a taya, masu bindiga su zo daga baya su nemi alamar. Na tura. Na fita na duba tayoyina huɗu. Ba komai.

Laraba, 22 ga Mayu

Yau na gani da idona.

Tireloli sun cika harabar kamfani da safe, dole na ajiye mota a waje bakin titi. Wajen ƙarfe ɗaya na leƙo ta get don in gan ta. Sai ga mutum tsugune a tayar baya ta hagu. Zai yi shekara hamsin da wani abu, da 'yar hula, rigarsa duk baƙin mai. Yana shafa tayar da yatsa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani abu, ya yi zane. Ya miƙe yana duba hagu da dama kamar mai neman wani.

Ban fita ba. Tun yana tsugune na laɓe bayan get na ɗauke shi hoto, fuskarsa ta fito tar daidai lokacin da ya juyo. Ya tsaya kamar minti biyar, sannan ya kama hanya ya tafi.

Da na je, ga shi nan. Da'ira ta farin alli a kan tayar, da 'yar kibiya a gefe. Daidai abin da saƙon ya faɗa. Na goge da jiƙaƙƙen tsumma da sauri, na roƙi direban tirela ɗaya ya matsa, na shigar da motar ciki.

Abin da na rubuta a guruf shi ne: "Ku lura da wannan mutumin. Na gan shi da idona yana sa wa motata alama yau a Kudenda." Da hoton. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Na gode wa Ubangiji da ya sa na leƙo.

Alhamis, 23 ga Mayu

Godiya ta ko'ina. Tony ya kira, karo na farko da na ji muryarsa da ƙarfi tun ranar. Ya ce da a ce wani ya yi masa irin wannan. A ofis manaja da kansa ya ba ni hannu.

Eunice ta ƙura wa hoton ido ta ce mutumin bai yi kama da mai gudu ba. Na ce ai ba a rubuta wa ɓarawo a goshi.

Lahadi, 26 ga Mayu

Hoton ya dawo min. Daga guruf ɗin tsofaffin ɗaliban makarantarmu, mutanen da ban tura wa ba. An yanke shi, motata ba ta ciki, sai fuskarsa da hannunsa a kan taya. An zagaye fuskar da jan layi. Ga saƙon murya na wata mace a ƙasa, ban san ta ba. Wai shi ne shugaban masu ƙwacen mota na kudancin Kaduna, wai mota arba'in suka ɗauka, wai sun kashe wani a hanyar Kachia, duk wanda ya gan shi kada ya jira 'yan sanda.

Ni ban ce haka ba. Na sake karanta nawa don in tabbata. Ban ce ba.

Talata, 28 ga Mayu

Tayar baya ta yi laushi. Na ƙara mata iska a hanya. Ko su ne suka taɓa ta?

Asabar, 1 ga Yuni

Ban san ta ina zan fara ba.

Tayar ta sake sauka, na kai wa Monday, mai faci na bakin titinmu. Shekara shida yana yi min aiki. Ya cire ta ya tsoma a ruwa, kumfa ta taso. Ƙusa ce doguwa, kanta ya lafe cikin robar, ya ce sai mai ido zai gan ta. Ya ciro alli daga bayan kunne ya zagaye ta. Sannan ya zana 'yar kibiya a gefe.

Na tambaye shi kibiyar ta mece ce. Ya ce haka ogansa ya koya masa, da'ira a kan ƙusa, kibiya a gefen taya don mai mota ya gani ko daga tsaye. Sai ya goge hannu ya ciro waya, ya ce tunda na tambaya bari ya nuna min rashin imani.

Hoton ne.

Sunansa Malam Ishaku. Mai faci ne, rumfarsa tana can gaba da kamfaninmu ta wajen baipas, gefen da ba na bi. Gidansa a Unguwar Mu'azu. Monday ya ce lokacin da ya zo Kaduna daga ƙauye ba shi da kowa, a rumfar mutumin nan ya kwana shekara uku. Shi Musulmi, Monday Kirista, amma ran Lahadi shi yake korarsa ya tafi coci. Ya ce halinsa ke nan, ba ya iya wuce taya da ƙusa bai sa alama ba, ko motar wa ce. Sun sha yi masa faɗa.

Na ce ya gaya masa? Ya ce ya kira shi. Malam dariya ya yi, ya ce shi ƙaramar waya gare shi bai ga hoton ba, kuma wa ye bai san shi ba a Kudenda.

Monday ya ce, "Oga Jonathan, wanda ya ɗauki hoton nan, Allah ya isa tsakanina da shi."

Yana faɗa yana ɗaura min tayar. Na tsaya ina kallonsa yana ɗaure notocin ɗaya bayan ɗaya. Na biya shi na tafi.

Lahadi, 2 ga Yuni

Na gaya wa Eunice. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Baban Phoebe." Shi ke nan abin da ta ce.

Na rubuta a guruf cewa kuskure ne, mutumin mai faci ne, ƙusa ya gani a tayata, don Allah kowa ya goge hoton ya kuma tura wannan gyaran duk inda ya tura na farko. Mutum uku suka amsa. Ɗaya ya ce to. Ɗaya ya ce ai mai faci shi ya fi kowa sanin motar da ta dace a ɗauka. Tony ya ce kada in bari su yaudare ni, sana'a ce suke fakewa da ita.

Na farko cikin awa ɗaya ya zagaye gari. Wannan ban ga alamar ya fita daga layinmu ba.

Talata, 4 ga Yuni

Eunice ta ce in je in same shi a rumfarsa, in ce ya ɗan ɓoye na sati biyu, in kai shi wajen 'yan sanda a rubuta gaskiya. Na ce gobe. Tafiyar minti bakwai ce daga ofis. Na tashi aiki na juya kan mota gida.

Tsoro nake ji. Na mene ne ma, ban sani ba. Kada ya tara min jama'a. Ko kada ya kalle ni kawai.

Alhamis, 6 ga Yuni

Kaya sun shigo da yawa, ban samu fita ba. Gobe.

Juma'a, 7 ga Yuni

Ƙarfe uku da rabi. Ina sito waya ta fara kuka ba tsayawa. Bidiyo ne a guruf. An rubuta "An kama shi."

A 'yar kasuwar nan ta kusa da gada. Daga baya na ji wai wata mata ce tayar motarta ta yi faci a wurin, aka kira shi ya zo ya duba. Yana tsugune wani ya gane fuskar. Suka laluba aljihunsa suka sami alli. Mai ɗaukar bidiyon har ɗaga allin ya yi a gaban kyamara yana cewa ga shaida.

Ban iya kallo har ƙarshe ba. Na ga katako. Na ga bulo. Na ga ya ɗaga hannu yana kare kai. Hularsa a ƙasa. Yana magana amma ba a jin abin da yake cewa. Matar mai motar tana ihu ita ta kira shi, ba wanda ya saurare ta. Motar 'yan sanda ce ta ƙwace shi.

A ƙasan bidiyon mutanen layinmu suna rubutu. "Oga Jonathan aikinka ya yi kyau." "Allah ya ƙara mana irinka." Waɗanda suka karanta gyarana ran Lahadi. Na ga sun karanta.

Na kife wayar a kan tebur.

Asabar, 8 ga Yuni

Rumfar Monday a rufe.

Litinin, 10 ga Yuni

Na goge hoton daga wayata. Kamar hakan zai yi wani abu.

Ba na iya addu'a. In na rufe ido na fara, sai in ga hannun nan a sama. Eunice tana ajiye abinci tana ɗaukewa. Ba ta yi min faɗa ba, da ta yi da ya fi min sauƙi.

Laraba, 12 ga Yuni

Hutu. Monday ya buɗe. Na je na tsaya har masu babur biyu da ke gabana suka tafi, sannan na gaya masa. Ni na ɗauka. Tayar da ya gyara ran nan ita ce ta cikin hoton.

Yana riƙe da ƙarfen cire taya. Na zaci zai maka min, na ma tsaya. Sai ya ajiye shi a hankali ya wanke hannu, ya ce in buɗe mota mu je.

Asibitin ya cika, gadonsa a ƙarshen ɗaki kusa da taga. Ban gane shi ba. Kansa a naɗe, idon hagu a rufe da auduga. Hannun dama ya karye wuri biyu, da shi ya kare kai. Haƙora uku. Monday ya ce kwana biyun farko da ankwa a ƙafarsa, sai da matar mai motar da masu rumfunan Kudenda suka je suka tsaya masa aka cire.

Matarsa Fiddausi tana zaune a kan tabarma a ƙasa tana yi masa fifita. Monday ya ce mata wannan Oga Jonathan ne, bai ƙara ba. Ta ɗauka wani ne cikin masu kawo wa Monday aiki. Ta tashi ta ba ni kujera, tana ta godiya, wai ban san su ba amma na zo, wai har yanzu akwai mutanen kirki. Malam ya ɗaga hannun hagu ya kama nawa. Tafinsa kamar fatar taya. Ya ce Allah ya saka da alheri, da kyar maganar ke fita.

Monday yana tsaye a ƙafar gado yana kallona. Yana jira. Na buɗe baki na ce Allah ya ba da lafiya.

A hanyar dawowa da muka kai Sabo Monday ya ce in tsaya. Ya sauka ya hau keke.

Lahadi, 16 ga Yuni

Yau Babbar Sallah. Eunice ta dafa shinkafa da farfesun kaza bayan coci ta ce tashi mu je asibiti. Ita ta shiga, ta zauna a tabarma da Fiddausi kamar sun daɗe da sanin juna. Ni na fi daɗewa a baranda.

A mota ta ba ni labari. 'Ya'yansu biyar. Babbar ta daina zuwa makaranta, ana kiranta 'yar ɓarawon mota. A unguwarsu ma wasu sun fara cewa wa ya sani, ba a dukan mutum haka kawai. Mai filin da rumfarsa take ya aiko kada ya dawo, wai masu motoci ba za su ƙara tsayawa a wurin ba. Fiddausi ta ce ita ba dukan ya fi ci mata rai ba, sunan ne. Shekara talatin yana tsugune a rana ba a taɓa cewa ya ɗauki ko noti ba.

Eunice ta ce ba za ta faɗa a madadina ba. Amma ba za ta iya ci gaba da karɓar godiyar matar nan ba.

Alhamis, 20 ga Yuni

Likita ya ce idon ya tafi.

Asabar, 22 ga Yuni

An ƙwace wata motar ran Talata a bayan layin su Tony. Da safe, mace tana kai yara makaranta. Ba ƙwai, ba takarda, ba alli. Bindiga kawai, kamar wancan karon. Duk abin da na yi ta turawa wata guda bai tsare ko mota ɗaya ba.

Na faɗa wa Tony haka da ya zo. Na ce masa mutumin ya rasa ido. Ya ce to shi wa ya tausaya masa ranar da aka ja matarsa a ƙasa. Ya ce in ma ba shi ba ne, ai wasu za su ji tsoro. Eunice ta ce ya fita mata daga gida. Ƙaninta da ta goya. Ya fita.

Na sauka daga riƙon guruf. Wani ya karɓa nan take, har ya tura saƙon turaren nan kuma.

Talata, 25 ga Yuni

An sallami Malam Ishaku daga asibiti. Na ɗauki uzuri a ofis na je na kwaso su. Shi a gaba, Fiddausi a baya da kwanuka da tabarma. Duk ramin da na faɗa sai ya runtse ido ɗayan. Yana ta ba ni haƙuri wai sun ɓata min aiki.

Layinsu mota ba ta shiga, na tsaya a bakin kwata. Fiddausi ta fara sauke kaya. Na kashe mota, na riƙe sitiyari da hannu biyu, na faɗa. Ban kalle shi ba. Na ce motar da ya sa wa alama a ƙofar kamfani ita ce wannan da yake ciki. Ni na laɓe na ɗauki hoton. Ni na tura. Na san gaskiya kwana shida kafin a taɓa shi, ban zo ba.

Yara sun taru suna leƙen gilas, suna cewa Baba ya dawo.

Ya ce, "Taku nawa ne daga get ɗin zuwa inda nake?"

Na ce kamar ashirin.

"Na tsaya ina neman mai motar. Da ka ce, malam lafiya? Shi ke nan."

Na fara cewa ya yafe min. Ya ɗaga hannun hagu. Ba da fushi ba. Ya ce ba yau ba, ba zai yi min ƙarya ba. Ya ce kuma ba shi ke buƙatar jin wannan labarin ba, shi ai ya san bai yi sata ba.

Ya kasa buɗe ƙofa da hannu ɗaya, na miƙa zan taya shi, Fiddausi ta riga ni daga waje. Ta ji komai. Ta kama shi suka shiga layi. Can sai ga ta ta dawo da kular da Eunice ta kai abinci ran Sallah, a wanke. Ta ajiye a kan kujerar da ya tashi. Ta ce in gaishe da maman yara, ita ba ta da laifi. Ta ce ni kuma kada in sake zuwa.

Alhamis, 27 ga Yuni

Na wuce ta gaban rumfarsa da gangan. An riga an ba mai sayar da gawayi.

Lahadi, 30 ga Yuni

Phoebe ta turo min saƙo daga makaranta a Jos. Hoton. Yanzu an rubuta wai a Jos yake, wai ya tsere daga hannun 'yan sanda. Ta rubuta a ƙasa, "Daddy ka kula da motarka."

'Yata. Ba ta san hannun ubanta ne ya ɗauka ba.

Hoton nan ba zai mutu ba ke nan. Zan mutu, Malam Ishaku zai mutu, hoton yana yawo daga waya zuwa waya da jan layi a fuska. Na kira ta na gaya mata duka. Ta ce tana da karatu.

Laraba, 3 ga Yuli

Ba abin rubutawa. Aiki, gida. Monday ya ga motata ya juya baya.

Asabar, 6 ga Yuli

Ba wani abu na yi ba. Eunice ta aike ni sayen manja, hanya ta bi da ni ta kasuwar kusa da gada, na tsaya.

Na nemo hoton daga saƙon Phoebe. Na fara da mai shagon farko, mai sayar da bokitai. Na nuna masa na ce ya san wannan? Ya ce ɓarawon nan da aka kama. Na ce sunansa Malam Ishaku, mai faci ne, ƙusa ya gani a tayata, ni na ɗauki hoton, ni ne Jonathan na kamfanin can, ga katin aikina. Ya kalle ni kamar mahaukaci. Na wuce shago na gaba.

Wasu sun ce Allah sarki. Wata mai tumatir ta ce to yanzu me nake so su yi. Wani ya ce an biya ni ne. Mutane sun ɗan taru a bayana, na ji ƙafata tana so ta gudu. Wani yana ɗauka da waya. Na juya na fuskance shi na sake faɗa daga farko, da sunana, a hankali don ya fito sosai.

Da suka watse wani mai sayar da kayan babur ya kira ni cikin shagonsa. Magidanci ne, da furfura kaɗan. Ya rage murya ya ce mutumin yana raye? Na ce yana raye, ido ɗaya, hannun dama ba tabbas. Ya daɗe yana goge wani fulogi da bakin riga. Ya ce shi ya jefa bulo ɗaya. Ɗaya kawai. Ya ce an taɓa sace masa babur.

Sai ya ɗago ya ce, "Kai ka sa mu."

Na ce, "Ni ne."

Ya tambaye ni wane layi ne a Unguwar Mu'azu. Na kwatanta masa, na ce ni an hana ni zuwa, shi ban sani ba.

Ruwa ya sauko kafin in gama layin masu kayan miya. Saura su da masu nama da 'yan keken bakin titi. Manjan ma na manta.

Ban ce zan koma ba. Na dai tambayi mai bokitai ƙarfe nawa suke buɗewa ran Litinin. Ya ce bakwai.